Layi Uku da Lambar Wayarta

"Kada ka taɓa komai. Kira ni."

Tsinke ta karanta, ta cire tabarau ta goge da bakin riga, ta mayar, ta sake karantawa.

Yana nan dai. Farin rubutu a kan baƙin allo, ƙarƙashinsa lambar waya, ƙarƙashin lambar kuma wata 'yar zuciya.

Shekara biyar tana haɗa wa mutane shafukan intanet. Ta ga kwamfuta mai gardama, ta ga mai zuciya, ta ga wadda ta mutu a tsaye ko sallama babu. Amma kwamfuta mai shagwaɓa, yau ta fara gani.

"Injiniya..." ta ce, ba ta juyo ba.

Yana tsaye a bakin ƙofa da kofin shayi biyu, dogo, mai sanyin tafiya, irin mazan da ko gobara ake sai sun ɗaura igiyar takalmi tukuna.

"Na'am, 'yar tsinkena."

"Zo ka karanta min wannan. Ina jin idona ya fara min ƙarya."

Ya sunkuyo ya karanta. Shayin hannunsa na dama ya ɗan zuba a kan kwalin safar hannu.

Ɗakin ba ɗaki ba ne na a zo a gani. Sito ne a bayan asibitin haƙori na yayarsa, wadda kowa ke kira Likita, har shi. Kwalayen auduga, fanka mai tari, kujera ɗaya, sai sabar a kan tebur, wato kwamfutar da ke riƙe da layin marasa lafiya da ranakun zuwansu. Injiniya ke kula da ita, da wayoyi, da kyamarori. Shi ya kawo shawarar a ba Tsinke aikin sabon shafi wanda mutane za su riƙa kama layi ta waya daga gida. Manufarsa Likita ta ga yarinyar da idonta, ko ta daina cewa bakinta ya fi jikinta nauyi. Ranar Asabar manyansa za su je gidan su Tsinke. Yau Alhamis.

Matsalar kuwa ƙarama ce, irin wadda masu aikin nan ke karo da ita kullum. Tsohuwar manhajar asibitin da tsohuwar sigar Python take aiki, wato yaren kwamfutar da aka rubuta ta da shi, sabon shafin Tsinke kuma sai da sabuwa. Sati biyu Injiniya na ce mata kar ta ɗaga sigar, tsohuwar manhaja ba ta so. Yau da aka tafi hutun rana ta ce bari dai ta ga irin rashin son. Ta ɗaga. Manhajar ta faɗi, ta bar wannan saƙo.

"Ai na ce miki kar ki ɗaga," ya ce a hankali.

"Ka ce. Ba ka ce in na ɗaga za a aiko min da wasiƙa ba. Lambar wa ce?"

"Wadda ta rubuta manhajar."

"Wadda. To, madalla. Uwarta ba ta sa mata suna ba?"

Ya ajiye kofunan. Ya gyara musu zama. Ya sake gyara musu zama.

"Mai Jar Mota."

Tsinke ta san sunan. Duk wadda ta so Injiniya sai ta san sunan. Ita ce ta riƙe shi shekara huɗu, ta ajiye shi shekara uku da suka wuce, ta ce masa ruwan da ke kwance a randa ya fi shi motsi.

"Ka ce min kamfani ne ya rubuta."

"Ai tana da kamfani."

"A lokacin?"

"...Daga baya."

"Allah ya shiryi dogayen maza," in ji Tsinke.

Ta juya ga allon. Kishi daban, aiki daban. Cikin minti biyu ta mayar da sabar kan tsohuwar siga, manhaja ta tashi, layin marasa lafiya ya dawo kamar ba abin da ya faru. Sai dai ta makara. Takun takalmin Likita ya riga ya cika baranda.

Likita ta leƙo, takunkumi a haɓa, ta dubi Tsinke daga sama zuwa ƙasa. Ba ta ɗauki lokaci ba, don ba nisa.

"Allon gaba ya ɗauke ɗazu."

"Na gyara, Anti. Gwaji nake."

"Asibitina ba wurin gwaji ba ne. Na riga na kira ta, tana hanya. Ita kaɗai ke iya wa abin nan." Ta dubi ƙanenta. "Ka sa a sayo biskit ɗin da take so."

Da ta tafi, Tsinke ta yi murmushi mai daɗi, irin wanda in mace ta yi maka gara ka nemi takalminka.

"Je ka sayo biskit, masoyi. Ja min ƙofar."

Minti arba'in take da shi kafin jar mota ta iso. Ta kwafe tsohuwar manhajar zuwa kwamfutarta ta hannu, ta buɗe fayil na farko, tana shirin ganin wani ƙulli mai wuyar kwancewa. A zuciyarta har addu'a take ya zama mai wuya, don in mai wuya ne, to dole ce ta sa ake kiran matar.

Layi uku ne. A can sama, ko ɓoyewa ba a yi ba.

Na farko ya tambayi sabar wace siga ce a kanta. Na biyu ya ce in ba wannan ba ce daidai, har lambar ƙarshe, a tsaya. Na uku ya buga saƙon, da lambar waya, da zuciya.

Tsinke ta goge su a nata kwafin, ta gyara wasu ƙananan wurare biyu, ta kunna da sabuwar siga. Manhajar ta tashi tana gudu kamar an sake ta daga turke.

Wato babu wata rashin jituwa. Tarko ne. Duk lokacin da sabar ta sabunta kanta ko da ɗan kaɗan, lambar ƙarshe ta canza, manhaja ta tsaya, a kira Mai Jar Mota. Ta zo ta rufe ƙofa, ta sauya lamba ɗaya, aikin daƙiƙa biyar, sannan ta zauna awa biyu tana cin biskit.

Tsinke ta yi dariya ita kaɗai. Wallahi har ta ɗan yaba. Ta fara tsara yadda za ta nuna wa Injiniya, bawan Allah, an mayar da shi ƙararrawar kiran mutum bai sani ba. Har tausayinsa ya kama ta.

Sai ta buɗe tarihin canje-canje, don ta ƙirga masa sau nawa aka yi masa. Manhaja irin wannan tana rubuta duk wanda ya taɓa ta, da rana, da abin da ya canza.

Sau goma sha ɗaya aka sauya lambar.

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Mai Jar Mota. Mai Jar Mota. Mai Jar Mota. Na shida ya faɗo ranar da Injiniya ya bar ta zaune a wurin shan ayis kirim awa ɗaya da rabi, ya zo yana cewa waya ce ta ƙone a asibiti. Ta haɗiye wannan, ta ci gaba.

Na bakwai ba sunan matar ba ne.

Sunan shigarsa ne. Injiniya. Bara, watan da kowa ya san Mai Jar Mota ta yi tafiya. Ya buɗe fayil ɗin da kansa, ya ga layukan da idonsa, ya sauya lambar da hannunsa, ya rufe.

Bayan nan kuma ya sake kiranta sau huɗu.

Tsinke ta daɗe tana kallon allon. Ta bango tana jiyo kukan injin haƙori, da muryar Likita tana ce wa wani ya ƙara buɗe baki. Shayin da ya kawo mata ya yi fata a sama. Ta ture shi gefe.

Turaren ya riga matar shigowa.

Mai Jar Mota kyakkyawa ce, ba amfanin yin ƙarya. Doguwa, mai natsuwa, makullin mota na lilo a yatsa. Likita na gefenta tana dariyar da Tsinke ba ta taɓa sanin tana da ita ba. Injiniya a baya, da ledar biskit, kamar wanda aka aiko ya raka gawa.

"Ke ce sabuwar mai shafi?" in ji Mai Jar Mota. "Sannu, ƙanwata. Abin nan yana da rigima, ba kowa yake bari ya taɓa shi ba. Ɗan ba ni kujerar."

"Bismillah, Yaya. Ai ni koyo na zo." Tsinke ta tashi ta jingina da kwalaye. "Sai dai a bar ƙofar a buɗe, ina so in ga yadda manya ke yi."

"Na fi son aiki ni kaɗai."

"Na sani. Amma yau ba sai kin wahala ba, na riga na buɗe miki wurin."

Ta juyo da kwamfutarta. Layi ukun na nan, ta ƙara musu girma yadda ko daga baranda za a karanta.

Likita ta matso tana ƙifta ido. "Mene ne wannan?"

"Anti, kin san yadda ake cike haƙori? To ki ce wani likita ya cike, amma ya bar ɗan rami da gangan, don duk wata uku a dawo wurinsa. Shi ne wannan. Manhajarki lafiyarta ƙalau. Ga ta can tana aiki da sabuwar siga a kwamfutata."

Likita ta juya ta dubi Mai Jar Mota.

Tsinke ta zaci matar za ta musa, ko ta yi kuka, ko ta ɗauki jaka. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ta miƙa hannu ta karɓi biskit daga ledar Injiniya, ta ɓare.

"Ni na rubuta," ta ce. "Lokacin muna tare. Wasa ne tsakaninmu, don in riƙa samun dalilin zuwa. Da muka rabu ban cire ba, gaskiya ne." Ta ɗan ciji biskit ɗin. "Amma tunda kin iya bincike haka, ƙanwata, ai kin ga na bakwai."

"Na gani."

"To me kike so da ni? Ni na rubuta, shi ya bari. Ni ban taɓa zuwa ba sai an kira ni."

Da ma zagi ta yi, da Tsinke ta ji daɗi, don a zagi ba a kayar da ita. Amma gaskiya aka faɗa mata, cikin murya mai laushi, da ɓurɓushin biskit a leɓe.

Likita ta juya ga ƙanenta. "Kai, ka san da wannan?"

Injiniya ya kalli ledar hannunsa.

"Magana nake maka."

"Na sani, Likita."

"Ka bar ni ina dakatar da marasa lafiya, ina ba mutane haƙuri, kana sane?"

Tsinke ta ja kujerar roba daga baranda, ta zauna a gefen tebur, ta jawo kibod.

"Ku ɗan ba ni minti ashirin," ta ce. "Aikin da aka kira ni in yi zan ƙarasa."

Ta ƙarasa shi kuwa, a gabansu. Ta saka sabuwar siga a gefe, ba ta taɓa ta sabar ba. Ta keɓe wa sabon shafin wurinsa shi kaɗai, da kayan aikinsa, ta nuna masa sigar da zai bi, yadda ko tsohuwar manhaja ta faɗi shi ba ruwansa. Ta gwada daga wayarta, ta kama layin ƙarfe goma na gobe, sunan ya fito. Ta soke. Idonta ne kawai ke yaji.

Ta rubuta kalmar sirri a takarda ta miƙa wa Likita.

"Shafinki ya tashi, Anti."

"Waɗancan layukan fa? Ba za ki cire ba?"

"Ba nawa ba ne."

Ta rataya jaka ta fita. Injiniya ya cim mata a bakin titi, kusa da jar motar, wadda aka ajiye a inuwa ɗaya tilo da ke wurin.

"Tsinke. Tsaya mana. Wallahi babu komai tsakanina da ita."

"Na yarda."

Ya yi turus. Ya shirya wa ihu, ba wannan ba.

"Na yarda ba ka riƙe hannunta ba. Kai ko hannuna sai da ka yi wata biyar kana lissafi. Abu ɗaya zan tambaye ka. Da ka ga layukan nan bara, muna tare ko ba ma tare?"

"Muna tare."

"Ka san yadda ake gogewa?"

"Na sani."

"To me ya hana?"

Ya kalli titi, ya kalli takalminsa. Wata babbar mota ta wuce ta watsa musu hayaƙi.

"Ita ta bar ni," ya ce daga ƙarshe. "Ta ce ba zan taɓa zama komai ba. To duk lokacin da na kira ta, ta bar ofishinta ta taho da gudu... sai in ji kamar ni ma wani ne. Ba sonta nake ba. Zuwan nake so."

Tsinke ta gyaɗa kai. Ta so ya yi ƙarya, ta samu abin kamawa.

"Ni fa? Da nake tahowa tun kafin ka kira?"

"Ke daban ce."

"Eh, ni ba a sha wahala a kaina ba." Ta tsayar da tasi. "Ka ce wa manyanku su huta ranar Asabar. Kar su ɓata man mota."

"'Yar tsinkena..."

"Biskit ɗinka na hannunka, Injiniya. Kai mata kafin ya huce."

A gida ta tarar da Mama na ninke kayan wanki a falo. Ta zube a kan kujera da takalmi, ta ba da labarin tun daga zuciyar da ke kan allo har tasi, tana yi tana kwaikwayon muryar kowa. Ta kwaikwayi cin biskit ɗin ma. A nan muryarta ta karye.

Mama ta bar ta ta yi kukanta, ta gama ninke zanen gado.

"Ni ban gane sabar ɗin nan taku ba," ta ce. "Amma kin ce ke ma kin iya goge abin?"

"Da ido a rufe."

"Me ya sa ba ki goge kin huta ba?"

"Mama, in na goge, ni na goge. Gobe in an yi aure sai in ta bin bayansa ina goge-goge har in tsufa."

Mama ta ɗauko wata riga ta ninke. "Babanki ya riga ya gaya wa 'yan'uwansa maganar Asabar."

"Sai ya sake gaya musu wata."

"Bakin nan naki," in ji Mama. Ta jefo mata tawul. "Share fuskarki. Ba zan ce masa komai ba sai gobe da yamma. Cire min takalmi daga kan kujera."

Injiniya ya kira sau tara. Ba ta ɗauka ba. Ya turo saƙo mai tsawo, ta ga farkonsa, "Hasken idona," ta kife wayar. Amma kishi ba ya barin mutum ya zauna lafiya. Washegari da safe tana goge baki tana ganinsu a ranta: ƙofa a rufe, fanka na tari, matar na dariya, shi yana tsaye da kofi biyu. Kofi biyun nan ya fi komai ci mata rai. Ashe ba a kanta ya koyi kawo shayi ba.

Ƙarfe sha ɗaya wata lamba ta kira. Likita.

Tsinke ta bari ta yi ƙara sau huɗu, saboda mutunci.

"Ina kwana, Anti."

"Ba kwana na kira ki ba. Kina ina?"

"Gida."

"Zo ki ɗauke min wannan mutumin kafin in cire masa haƙoran gaba."

"Me ya yi?"

"Tun ƙarfe bakwai ya zo ya shiga sito, ya ce zai gyara kuskurensa. Ya fito, manhaja ta mutu gaba ɗaya. Ko saƙon ma babu, baƙin allo kawai. Na ɗauki waya zan kira waccan, ya ƙwace wayar. Ni, yayarsa. Ya ce in ta sake taka asibitin nan a kan kiransa ko nawa, shi ya bar aikin. Yanzu yana zaune a teburin gaba da littafi da biro yana rubuta sunayen mutane, rubutun da ko shi ba ya iya karantawa. Ya kira wata tsohuwa sau biyu, ya manta da wani mai kumburin kunci tun ƙarfe takwas."

Tsinke ta toshe bakinta da hannu.

"Me ya sa bai kira ni ba?"

"Ya ce ba shi da bakin kiranki a kan aiki. Ni ina da shi." Likita ta ja numfashi. Da ta sake magana muryar ta sauka kaɗan. "Jiya kin yi aiki mai kyau. Kuma ni ma da laifina, ni nake saya mata biskit. Ki zo, ƙanwata."

Ta zo, amma sai da ta canza riga sau uku.

Ɗakin jira a cike yake. Injiniya na bayan tebur, tawada a yatsu, gumi a goshi, wani dattijo na tsaye a kansa yana maimaita masa sunansa harafi harafi. Da ya ɗago ya gan ta, biron ya faɗi.

"Ba wurinka na zo ba," ta ce. "Anti ce ta kira ni. Tashi mu je, ka nuna min ɓarnar."

A sito ta zauna, ya tsaya a bayanta. Ta buɗe tarihin. Canji na sha biyu, yau, bakwai da minti goma, sunan shigarsa. Ta buɗe fayil ɗin, ta duba, ta cije leɓe don kar dariya ta kuɓuce.

"Layi nawa ne, Injiniya?"

"Uku."

"Nawa ka goge?"

Ya sunkuyo ya ƙirga. "...Huɗu."

"Na huɗun shi ke kunna manhajar gaba ɗaya. Ka kori ɓarawo ka haɗa da mai gida."

"Hannuna ne ke rawa."

"Don za ka rabu da ita?"

"Don ina tsoron ko na goge ba za ki dawo ba."

Ba ta juyo ba. Ta ji kunnuwanta sun ɗau zafi, ta tsani kunnuwan.

"Ai kana iya dawo da na jiya da dannawa ɗaya. Ka san haka. Da manhaja ta tashi, da ba ka sha wahalar biro ba."

"In na dawo da na jiya, layukan za su dawo."

Tsinke ta tashi daga kujerar, ta nuna masa ita.

"Zauna. Ni ba zan taɓa ba. Zan faɗa, kai ka rubuta."

Ya zauna. Ta karanto masa layin da ya ɓata, ya buga da yatsa biyu, ya yi kuskure, ta ɗan bugi ƙeyarsa, ya gyara. Ta sa shi ya yi ƙananan gyare-gyaren nan biyu. Ta sa shi ya mayar da manhajar kan sabuwar siga, ya cire sunan shigar Mai Jar Mota daga sabar. A nan ta zuba wa fuskarsa ido sosai, tana neman ko ɗan jinkiri. Ya danna tun kafin ta gama faɗa.

Manhajar ta tashi. Daga ɗakin jira suka jiyo wata mata ta ce alhamdulillahi, allo ya dawo.

Ya juyo da kujerar. Yana zaune, tana tsaye, karon farko idanunsu suka zo daidai.

"Abin da na faɗa miki jiya, mummuna ne."

"Mummuna ne."

"Amma gaskiya ne, kuma ya ƙare. Ban san yadda zan sa ki yarda ba."

"Ba yau zan yarda ba. A hankali, irin tafiyarka." Ta ɗauki auduga daga kwali, ta kama hannunsa tana goge tawadar, da ɗan ƙarfi fiye da yadda ake buƙata. "Kuma ka sani, ina da kishi. Ba ɗan kaɗan ba. In na sake ganin zuciya a kan wani allo naka, ko ta likitan zuciya ce, sai ka yi bayani."

"Na ji."

"Ranar ayis kirim ɗin nan ma ban yafe ba tukuna."

"Na ji, 'yar tsinkena." Ya riƙe yatsunta cikin audugar. "Gobe fa? In ce musu su zo?"

Ƙofar ta buɗe kafin ta amsa. Likita ce, da safar hannu, ta dubi hannayensu, ta dubi silin.

"In kun gama, akwai mai kumburin kunci da ke jiran a ba shi haƙuri, kuma ba ni zan ba shi ba." Ta dubi Tsinke. "Ƙarfe nawa babanki ya ce? Ni zan tuƙa su, wannan in ya tuƙa sai Lahadi za mu iso."

Tsinke ta zare hannunta, ta jefa audugar a kwandon shara.

"Ƙarfe huɗu, Anti," ta ce. "Shi ki ce masa biyu."